Tuwon da Na Binne a Anka

Safiya, Hamidu, da ke Auta da ba a haife ki ba a lokacin, akwai labarin da babanku yake son ba baƙi idan an ci an ƙoshi, labarin yadda uwarku ta ceci jikar maƙwabciyarta a Anka. Kun ji shi har kun haddace inda yake ɗaga yatsa. Duk sanda ya fara sai in tashi in shiga madafa, ku kuwa ku yi ta dariya kuna cewa Mma tana jin kunyar yabo. Kunya ce, amma ba irin wadda kuke zato ba. Babanku bai yi ƙarya ba, rabin da ya sani yake faɗa. Ɗaya rabin yana wurina shekara da shekaru, yana hana ni zama wuri ɗaya, kuma yanzu da gwiwoyina suka fara gardama da matakala na ga gara in sauke shi tun ina da hannun rubutu. Shi ma babanku a takardar nan zai fara jin sa.

Mun bar Kumasi ne a shekarun da labarin gubar dalma ya cika rediyo, ana ta cewa yara ƙanana suna mutuwa a ƙauyukan Zamfara inda ake haƙar zinari. Babanku ma'aikacin ɗakin gwaji ne, aikinsa auna jini, kuma likitocin ƙasashen waje da suka zo aikin suna neman wanda ya iya sana'ar yana kuma jin Hausa. Ya so ya tafi shi kaɗai, ni na ƙi. Kakana mutumin Gummi ne, fataucin goro ya kai shi Gwanja ya yi aure a Zangon Kumasi bai koma ba, kuma tun ina yarinya nake jin sunan Gummi a bakinsa kamar sunan aljanna. Na ce ai gida za mu. Na ɗaure kayana, na saka tulun shito, baƙin yajinmu na Kumasi da ake soyawa da mai, guda biyu a tsakiyar zannuwa, na goya Hamidu yana da shekara biyu, na riƙe hannun Safiya tana da bakwai. Ko wata ɗaya ba mu yi da sauka a Anka ba na matsa wa babanku ya kai ni Gummi neman gidan kakana. Muka yi ta yawo unguwa-unguwa har aka kai mu gaban wani tsoho a ƙofar masallaci. Ya saurari sunan, ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Waɗanda sunka tahi Gwanja suna da yawa, ɗiyata," in ji shi. "Allah shi jiƙan su dut."

A mota muna dawowa na gane ni baƙuwa ce, kuma Hausar da nake taƙama da ita ba ta sa na zama 'yar gari ba.

Kasuwa ce ta ƙara tabbatar mini. Ni da na tashi a rumfar atamfar tawa Mma, kakarku, na iya ciniki tun ban iya ɗaurin ɗankwali ba, ranar kasuwar farko sai na sa hijabina na ɗauki kwando na fita. Na lura babu mata irina, sai tsofaffi da 'yan mata da Fulani masu nono, amma ban kawo komai a raina ba. Na tsaya gaban mahauci na nuna cinya na ce ya rage, wannan ai rabi ƙashi ne. Ya ajiye wuƙa ya dube ni da tausayi.

"Hajiya, maigidan ba shi lahiya na?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"To mi ya hiddo ki?"

Da yamma babanku ya dawo yana dariyar da ba ta kai ciki ba. Mutum uku ne suka tare shi bayan la'asar suna yi masa jaje, ɗaya har ya ba shi shawara ya riƙa haƙuri da iyali. Daga ranar shi ya karɓi cefane, mutumin da bai san bambancin tattasai da attarugu ba, ni kuwa na koma tsakanin bango huɗu da bishiyar darbejiya ɗaya. Ban taɓa sanin yini yana da tsawo haka ba. In share tsakar gida da safe, in sake sharewa da hantsi, in wanke kayan da ba su yi datti ba, in leƙa zaure in dawo. Idan Safiya ta tafi makaranta sai in ɗauki Hamidu in yi ta zagaya darbejiyar nan ina ƙirga taku. Babu ƙarar motocin haya, babu mai tallan kifi, babu maƙwabciya da za ta ƙwala mini kira ta taga ta ce wutar girkina ta mutu. Na kira Mma ina kuka, ta ce, ba ke kika ce ƙasar kakanki ba?

Inna Kulu ce ta cece ni daga haukacewa. Gidanta yana jingine da namu, kuma akwai wurin da damina ta cinye katangar da ke tsakaninmu ta rage tsawo. Tsohuwa ce 'yar firit mai wushirya, mijinta malami ne ya rasu, tana zaune da autanta Bala da matarsa Dije da 'yarsu Nana, tsarar Hamidu. Wata safiya ina ƙwala wa Safiya kira ta zo ta ɗauki takalminta, sai na ga kai ya ɓullo ta saman katanga. Ta kife turminta ne ta hau.

"Ke Ta Gwanja! Wa kika kira haka gari na ji?"

"'Yata ce, Inna. Safiya."

"Ɗiyar fari?"

"I."

Ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu. Da sunanta, da baki buɗe? Ku can ba a haihe ku da kunya ba?"

Na ce to yaya zan kira ta? Ta ce in ce "ke" ko "waccan," ai yarinya ta san muryar uwarta. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, dariyata ta farko a garin. Kafin azahar kwano ya ƙetaro katanga, farin kwanon sha mai shuɗin baki, da tuwon dawa da miyar kuka a ciki. Na wanke shi zan mayar, ta ce ba a maida kwano wofi. Na zuba mata wake da shinkafa irin namu mai karan dafi, na ɗora shito cokali guda. Can sai na ji tari da salati ta bayan katanga.

"Ta Gwanja, wanga baƙin yaji da shi kuka kashe ɓeraye?"

Washegari ta ce in ƙara mata.

Haka kwanon nan ya riƙa kai da kawo kullum. Ita ta fara ba ni hoce, wainar dawar nan da ake gasawa, ita ta koya mini damun fura da ludayi, ita ta koya mini gaisuwar da ba a gajarta ta, a tambayi gida da gajiya da yara da sanyi da zafi har dabbobi. Hamidu ta saman katanga nake miƙa shi ya yini da Nana, su biyun suna tonon ƙasa da murfin kwalba, Nana tana kiran sa "Amidu." Kuma Inna ta ɗauki gyara ni aiki. Ta ce bakina ya yi kaifi, abin da ke cikina shi ke kan harshena kamar ɗan kasuwa. Ranar da na gaya wa Dije gaskiya cewa ɗinkin da aka yi mata bai zauna ba, Inna ta kira ni gefe.

"Nan garin ba a faɗa wa mutum abin da za shi sa shi sadda kai. In an ba ki abin da ba ki so, ki amsa da hannu biyu, ki yi godiya, ki bar sauran cikinki. Shi aka ce ma kara. Wanda ba shi da ita ba a zama da shi."

Na riƙe maganar nan kamar yadda na riƙa riƙe darasi a sakandare ranar jarrabawa. Ina so a zauna da ni. Ita kaɗai nake da ita a ƙasar gaba ɗaya.

Bayan ƙaramar salla ne sautin gidansu ya sake. Na san ƙarar taɓarya a kan gero, tana da taushi, kamar ana buga ƙirji. Wannan kuwa ƙara ce mai tsauri, ƙas, ƙas, tana shiga haƙori. Bala ne ya bi samarin unguwa zuwa ramukan wajen Dareta, ya fara kawo buhunan dutse a kan babur, a farfasa a tsakar gida, Dije ta daka, a tankaɗe, a wanke a nemi zinari. Babanku ya ji ƙarar ranar wata Lahadi yana shan shayi, ya ajiye kofi ya fita. Na laɓe a zaure ina jin su.

"Malam, ƙura ta hwa," in ji Bala. "Tun muna rarrahe ƙasa muka ci, ga mu nan."

Babanku ya ce ba irin wannan ba, dutsen nan da dalma a cikinsa, ba ta da ɗanɗano ba ta da wari, babba yana iya ɗauka amma yaro ƙarami kai take taɓawa. Bala ya ce ƙurar nan ta saya masa taki, ta saya masa babur, kuma shi bai ga yaron da ya mutu a gidansu ba. Ya yi sallama cikin ladabi ya shige.

Babanku ya dawo ya zaunar da ni. Ya ce daga yau Hamidu ba zai ƙetara ba, kuma duk abin da ya fito daga gidan kada ya shiga bakin kowa, domin turmin da ake daka dutse shi ake daka fura, ƙurar kuma tana sauka a kan kowace tukunya. Sannan ya faɗi maganar da ita ce asalin wannan rubutu.

"Ni namiji ne, iyakata zaure. Bala ya ƙi ji. Ke ce kike da hanya zuwa wurin Inna, kuma idan ta ce a daina za a daina. Ki gaya mata komai, ki ce a kawo Nana mu auna jininta."

Na ce to.

Da safe na shirya maganar, na maimaita ta ina shara. Da kan Inna ya ɓullo na buɗe baki, sai ta riga ni. Ta miƙo kwano cike da fura, ta ce nonon Fulanin Bukkuyum ne, ta ƙara kindirmo saboda mijinta, wato Hamidu. Fuskarta duk murmushi. Yaya zan dubi tsohuwar nan in ce abincinki guba ne, gidanki guba ne, abin da ɗanki yake ciyar da ku da shi ne zai kashe jikarki? Na ji muryarta a kunnena, wanda ba shi da ita ba a zama da shi. Na sa hannu biyu na karɓa. Na yi godiya. Na ce gobe zan faɗa.

Da yamma babanku ya tambaye ni ko na gaya mata. Na ce na gaya mata, ta ce za ta duba. Ban san daga ina ƙaryar ta fito ba, kawai na ji ta a bakina a shirye. Ya girgiza kai ya ce mutanen nan sai haƙuri, ya ci gaba da cin abincinsa. Aiki ya yi masa yawa a lokacin, yakan fita ƙauyuka kwana biyu ko uku, ya dawo idanunsa sun faɗa. Sau biyu ya sake tambaya, sau biyu na ce ina ta tuna mata.

Na ɗauki fartanya na haƙa rami a bayan banɗaki, inda darbejiya ta yi duhu. Kullum kwano ya zo in karɓa da hannu biyu, in jira kanta ya sauka, in zagaya in juye, in tura ƙasa. Tuwo, fura, dambu, kwaɗon zogale. Ni da Mma ta tarbiyyantar cewa ƙwayar shinkafa ɗaya da ta faɗi za ta yi ƙarar mutum ranar lahira, ga ni ina binne abincin mutum uku ina istigfari. Sannan in wanke kwano da sabulu sau biyu, in zuba nawa girkin in mayar, ta tambaya ya miyar jiya, in ce ta yi daɗi ƙwarai. Hamidu kuwa na ce mura yake yi. Da murar ta yi tsawo na ce ƙurajen zafi ne. Nana takan zo gindin katanga ta yi ta kiran "Amidu, Amidu," shi kuma ya yi ta dukan bango da tafin hannu.

Ban taɓa shiga rashin natsuwa irin na makonnin nan ba. Ƙarar dakan ta zame mini agogo. Ina salla ina jin ta, in rasa raka'a ta nawa nake, in sake daga farko. Na ƙona shinkafa sau uku a mako ɗaya. In ɗauki Alƙur'ani in ajiye, in ɗauki tsintsiya in ajiye, in je gindin katanga in dawo. Kowace safiya da maganar nake tashi a baki, kowace safiya in samo dalili: yau Juma'a ce, yau tana da baƙi, yau ƙafarta na ciwo. Wata rana Dije ta ɗago mini Nana ta saman katanga don ta ga Hamidu. Na ga hannuwanta fari fat da ƙura har gwiwar hannu, babban yatsa yana cikin baki. Na cire yatsan, na jiƙa gefen zanena na goge mata hannu tas, yatsa bayan yatsa. Dije ta ce, kai, Ta Gwanja akwai tsabta. Na mayar mata da yarinyar ta sauke ta a kan ƙasar nan. Wannan shi ne iyakar jarumtakata a lokacin. Nawa ɗan na kulle shi a ɗaki, na mutane na goge masa hannu.

Haka aka tafi har watan layya ya kusa tsayawa. Ranar wata Juma'a Inna ta aiko da hoce mai zafi, ta ce da hannunta ta gasa saboda ta ga na rame. Na zagaya bayan banɗaki kamar kullum. Ashe ta manta ba ta sa man shanu ba, ta sake hawa turmi ta kira ba ta ji ni ba, sai ta ja turmin zuwa can ƙarshen katanga ta leƙo. Ina durƙushe, fartanya a hannu, hocen yana cikin rami yana tururi, ga ragowar tuwon shekaranjiya da kaji suka tono.

"Ta Gwanja. Mi kika ruhewa?"

Na kasa ɗaga kai. Ko a lokacin nan, da na faɗa mata gaskiya, da an rage wani abu. Ban faɗa ba. Ta daɗe tana kallon ramin, ba ta yi salati ba, ba ta yi faɗa ba.

"Miƙo man kwanona."

Na miƙa mata shi wofi, ko wankewa ban yi ba.

Kwana uku babu kai a saman katanga. Na ji Dije tana gaya wa wata baƙuwa cewa matar Gwanja ƙyamar su take, ko kuma tana zaton sammu ake zuba mata. Rana ta huɗu bayan la'asar, ina tsince shinkafa, na ji ihun Dije, irin ihun da uwa ba ta yin sa sau biyu a yi zaton wasa ne. Ban san sanda na fita ba. Babu takalmi, hijabi a baibai, na bi ta titi na faɗa zaurensu ko sallama ban yi ba. Nana tana kan cinyar Inna, jikinta ya sandare yana karkarwa, idanu sun juye, kumfa a baki. An kunna turare a kasko, Bala yana tsaye da kofin rubutu, wata tsohuwa tana cewa iska ce, a rufe ta da baƙin zane. Ranar na fara ganin tsakar gidan da idona tun da aka fara aikin. Garin dutse a baje a kan tabarma, kusa da shi gero a shanye a kan wata, turmin nan a tsakiya, taɓarya a jingine, komai ya yi fari har igiyar shanya.

Muryata ta Kumasi ce ta dawo, wadda nake kiran mai saye da ita daga ƙarshen layi.

"Ba iska ba ce! Inna, ƙurar nan ce! Dalma ce a cikin dutsen, tana cikin turminki, tana cikin furarki, tana cikin jinin yarinyar nan! Shi ya sa nake binne abincinki, shi ya sa na hana Hamidu zuwa! A kai ta asibiti yanzu, akwai magani!"

Bala ya ce in fita masa daga gida. Inna ta ɗaga masa hannu ba ta ko dube shi ba. Ni take kallo.

"Tun yaushe kinka sani?"

"Tun bayan salla."

Na ga tana ƙirga makonnin a idonta. Sannan ta miƙe da yarinyar a kafaɗa, ta gyara ɗaurin zane da hannu ɗaya, ta ce wa ɗanta, "Aje kohin nan. Tada babur."

Wannan wurin ne babanku yake ɗaga yatsa idan yana ba da labari. Nana ta rayu, alhamdu lillahi. Ta yi makonni a asibiti ita da Dije ana ba ta magani. Babanku da kansa ya auna jinin, ya ce injin ma ya kasa faɗin adadi, sai dai ya nuna abin ya wuce iyakarsa. Amma yarinyar da ta tafi tana kiran "Amidu" ta dawo ba ta cewa komai, tana jan ƙafa ɗaya, idan an kira ta sai ta daɗe kafin ta waiwayo. Na tambayi babanku, da an kawo ta tun bayan salla fa? Ya dafa kafaɗata.

"Da da sauƙi. Amma ke kin yi naki, kin gaya musu tun farko, su suka yi jinkiri. Kada ki ɗora wa kanki."

Na gyaɗa masa kai. Karo na biyu ke nan na tura ƙasa a kan maganar.

Ma'aikata suka zo suka kankare ƙasar tsakar gidan Inna suka kwashe a buhuna, aka zuba sabuwar jar ƙasa. Suka tafi da tabarmi, suka tafi da turmin, wanda na ji daga baya na mahaifiyarta ne, da shi aka kawo ta gidan miji. Bala ya mayar da aikinsa bayan gari, ya shekara bai amsa sallamar babanku da sakin fuska ba. Yanzu Inna ba ta da abin hawa, don haka ni na kife bokiti na hau, na leƙa. Tana zaune tana tsinkar zogale. Na gaishe ta gaisuwa mai tsawo yadda ta koya mini, ta amsa kowace gaɓa. Na ce ta yafe mini. Na ce kara na yi mata, ita ta ce wanda ba shi da ita ba a zama da shi, na ji tsoron ta daina zama da ni.

Ta ajiye zogalen. Ta yi wata 'yar dariya da ban so jin ta ba.

"Kara? Ɗiyata, kara ga miya aka yin ta. In gishiri ya yi yawa ki ce ta yi daɗi. In kinka ga wuta ta kama man zane, kara za ki yi man har in ƙone?"

Na fara kuka. Ta bar ni na yi.

"Tuwona da kinka ruhe na yahe, ƙasa ta ci, ita ma baiwar Allah ta. Maganar da kinka ruhe tare da shi ba tawa ba ta. Ki jira Nana ta yi baki, ki nemi yahiya wurinta."

Mun ƙara shekara ɗaya da rabi a Anka. Muna gaisawa, ta zo ta duba ni da na yi zazzaɓi, Hamidu ya koma wasa da Nana a kan sabuwar ƙasa. Amma kwano bai sake ƙetara katanga ba, ni ma ban yi ƙarfin halin fara aikawa ba. Maganar Nana ta riƙa dawowa kaɗan-kaɗan, kalma ɗaya yau, wata bayan wata guda, kamar ruwan rijiya da rani.

Ranar da za mu koma Kumasi, mota tana ƙofar gida an gama ɗaure kaya, na shiga yi musu sallama. Nana tana zaune a bakin ƙofar ɗakin Inna, shekararta huɗu, tana gwaguyar hoce. Na durƙusa a gabanta a kan gwiwoyina biyu, Dije tana kallo, Inna tana kallo. Na ce, Nana, na san abin da zai cuce ki na yi shiru, ki yafe mini don Allah. Ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Ta dube ni, ta ga hawaye, ta ɗauka abin hannunta nake so. Ta ciro hocen daga bakinta, ya jiƙe sharkaf da yawu, ta tura mini a leɓe.

"Ci," in ji ta.

Na buɗe baki. Na tauna, na haɗiye, shi ne abu na farko daga gidan da ya shiga cikina tun bayan sallar nan. Inna ta juya fuska ta ce wa Dije hayaƙin murhu ya dame ta, alhali ba a hura wuta ba.

Ban sani ba ko wannan ya isa yafiya a wurin Allah. Yarinyar ba ta san abin da ta yafe ba. Har yau ina sa sunanta a sujada kafin naku, kada ku ji haushi, ku ban jinkirta muku ba. Labarin da ya iso mini na ƙarshe shi ne tana zuwa Islamiyya, tana baya da tsararrakinta amma tana zuwa, Inna kuwa ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya haskaka kabarinta ya sa ta sha daga tafkin Annabi da kwano mai shuɗin baki. Malam, maigidana, ka yafe mini ƙaryar da na bar ka kana maimaitawa a gaban baƙi. Ku kuma, idan ya sake ɗauko labarin, kada ku bari ya fara daga ihun Dije. Ku ce ya fara daga ramin bayan banɗaki, ni kuma zan zauna, ba zan tashi in shiga madafa ba.